Zuwa ga 'Yata Hafsatu, Kan Maganar Yayanki

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya kuma karatu yana tafiya yadda ake so. Mu nan gida lafiya muke, Alhaji ya samu sauƙin ƙafar tasa har yana fita masallaci.

Gwaggonki ta Fagge ce ta kawo mini labarin cewa ƙungiyarku ta iyalan masu larurar ƙwaƙwalwa za ta yi shiri a gidan rediyo ranar 10 ga Oktoba, ranar da duniya ta ware domin lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma ke ce za ki ba da labarin gidanmu. Na zaɓi rubutu ne domin a waya ba kya bari in kai ƙarshen magana.

Ki sani ban taɓa ƙin wannan ƙungiya ba. Tun da kika kai ni zamansu na ga amfaninta da idona, domin a can na fara zama da uwar da ta san abin da ake nufi da kwana a zaune ana sauraron motsin ƙofa. A can wata ma'aikaciyar jinya ta fahimtar da mu cewa nauyin jiki da rawar hannu da yayanki ke yi daga maganin ne, kuma likita yana iya gyara adadinsa, cewa rashin barci na kwanaki a jere shi ne alamar farko ta dawowar ciwon, kuma cewa addu'a da ruƙiyya ba su hana allurar wata-wata ba. Matan da suke kiran juna a waya domin tunatar da ranar komawa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, suna harhaɗa kuɗin mota ga wadda ba ta da shi, Allah ne kaɗai zai biya su.

Amma zama a ɗaki da mutanen da ciwo ɗaya ya haɗa ku daban ne da magana a rediyon da ake kunnawa a kowace rumfar kasuwa. Ba surutun unguwa nake tsoro ba, wannan mun sha shi tun shekarar da abin ya fara, har maganar aurenki ta farko ta lalace a kansa ba mu mutu ba. Tsorona yayanki ne. Kin san yana zaune a shagon ɗinki tun safe, rediyo a gefensa, yaran shago kewaye da shi. Ki auna yadda zai ji muryar ƙanwarsa tana faɗa wa Kano duka cewa ya taɓa fita ba riga, cewa an taɓa sa masa mari. Mutumin da asalin ciwonsa shi ne zargin ana maganarsa a ɓoye, me kike zaton zai faru ranar da ya ji ana maganarsa a fili? Wa zai iya shawo kansa ya sake karɓar magani daga hannunmu? In ya daina sha, ke kina makaranta, ni ce zan bi shi lungu-lungu da dare, kuma ƙarfina ba kamar da ba ne. Wannan tunani ya hana ni barci tun ranar da Gwaggonki ta tafi.

Na kuma ji an ce za ki taɓo zancen wurin da aka kai shi kafin asibiti. A nan kam, Hafsatu, kin yi mini ba daidai ba. Kina ƙarama lokacin, ba ki ga abin da muka gani ba. Duk wanda muka tambaya, malami ko dattijo, cewa yake aljanu ne ko sammu, kuma babu wanda ya taɓa nuna mana hanyar likita. Sai a 2019, da 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutane kusan ɗari uku, da yawansu da sarƙa a ƙafa, sannan jama'a suka fara tambayar abin da ake yi a irin waɗannan wurare, alhali mu mun riga mun ɗauko namu da daɗewa. Ba za ki mayar da mahaifinki misalin jahilci a bainar jama'a ba, mutumin da ya sayar da gonarsa a kan wannan ciwo. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Ke da kanki kika karanta mini dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kika ce ta ba mai wannan larura haƙƙin a kare mutuncinsa da sirrinsa. To, haƙƙin nan ya hau kanki kafin ya hau kan gwamnati.

Ba cewa nake ki yi shiru ba, 'yata, domin na san zuciyar da ta kai ki. Ki je ki yi magana. Ki faɗi tsadar magani, ki faɗi cewa likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutane fiye da miliyan ɗari biyu, ki tambayi dalilin da zai sa mutumin ƙauye ya yi doguwar tafiya zuwa asibitin Dawanau ko na Barnawa a Kaduna ko na Kware a Sakkwato kafin ya ga likita, ki gaya wa iyaye inda kuke haɗuwa. Duk wannan za ki iya ba tare da sunan gidanmu ya fito ba.

In kuma kin ga dole sai labarinsa, ki zo gida ƙarshen mako ki zauna da shi ku biyu, ki tambaye shi cikin ladabin da ya kamaci ƙanwa, domin yanzu yana cikin hankalinsa sarai. Abin da ya yarda a faɗa ki faɗa, abin da ya hana ki bar shi, kuma ba zan sa baki ba. Ki sanar da ni ranar da za ki taso. Allah Ya yi miki albarka, Ya ƙara wa yayanki lafiya.

Mahaifiyarki.