Koke Zuwa Fadar Damagaram Kan Iyakar Da Nasara Suka Bar Mana A Tsakiyar Gonaki

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Damagaram,
Fadar Sarki, Birni, Zinder.

Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara maka lafiya da yawan rai.

Bayan gaisuwa da ban girma irin wanda talaka yake yi wa ubangidansa, mu dattawa da limamai da manoma na wani gari da ke bakin kwari a kudancin ƙasarka, tare da makiyayan da suke shayar da dabbobinsu a rijiyoyinmu, mun kawo kukanmu gabanka a kan gonakin da muka gada, waɗanda yau damina uku ke nan ba mu san ko wace hukuma ce take da hurumin sauraron maganarsu ba. Ba mu zo ƙarar wani hakimi ko wani alƙali ba, domin kowanensu yana aiki ne da iyakar da ya tarar. Kukanmu a kan iyakar ne ita kanta, da yadda aka yi ta.

Ranka ya daɗe, ka fi mu sanin cewa tun zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ƙasar Damagaram tana da tsarinta na gona. Wanda ya sare daji da izinin mai gari shi ke da wurin, ƴaƴansa su gada, kuma ana sanin iyaka da gamba ko aguwa da aka dasa, ko da wani gawo da kowa ya sani. Mutum yana iya kai gaisuwa ga wani basarake alhali gonarsa tana maƙwabtaka da ta wanda yake bin wani basaraken dabam, ba tare da wannan ya zama abin faɗa ba, saboda a wancan lokaci sarauta mutane take ƙirgawa.

Da Faransawa suka ci Damagaram a 1899 bayan yaƙin Tirmini, sannan suka tuɓe Sarki Ahmadu ɗan Bassa a 1906 suka kai shi Kwadebuwa, sai suka rarraba ƙasar, suka mai da hakimai masu kai magana kai tsaye ga kwamandan, wato Baturen da ke mulkin yanki. Ko da aka dawo da sarautar a 1923 a hannun Barma Mustafa, ba a dawo mata da ikon da take da shi a kan ƙasa kamar da ba. A cikin waɗannan shekaru ne aka yanka ƙasar kanto-kanto, kowane kanto a ƙarƙashin hakimi guda, kuma abin da kwamandan yake bukata shi ne ya san wa zai tara masa lanho, wato haraji, wa zai kawo masa mutanen aikin dole, wanda ba a soke shi ba sai a 1946. Don haka sunayen garuruwa aka jera a takarda, aka ce wannan gari na kanto kaza ne, wancan na kanto kaza. Kakanninmu sun shaida mana cewa a wajenmu babu wanda ya zo ya taka gonaki, babu wanda ya kafa dutse ko turke. Abin lura shi ne, Nasara sun san yadda ake sa alama idan sun ga dama: iyakar da ke tsakaninsu da Ingilishi, wadda tawagar hafsan Faransa Tilho ta bi daga 1906 zuwa 1908, sai da aka kafa mata alamomi tun daga kogin Kwara har tafkin Cadi. Wannan kuwa iyakar manya ce. Ta talakawa an bar ta a bakin mai fassara.

Garinmu ya faɗa kanto guda, garin ƴan'uwanmu da ke ƙetaren kwarin ya faɗa wani, alhali kakanmu ɗaya, maƙabartarmu ta farko ɗaya, kuma gonakinmu a cakuɗe suke kamar gero da wake a kunya guda. Akwai gidaje a cikinmu da suke da lambun rake da rogo a gefensu, akwai nasu da suke da gonar gero a gefenmu. Wasu ma daga cikin iyayenmu sun ƙaura daga wannan gari zuwa wancan ne don gudun gardi da aikin hanya, suka bar gonarsu aro a hannun dangi, da niyyar komawa idan ƙura ta lafa. Dokokin ƙasa na mulkin mallaka kuma sun ɗauki duk filin da ba a ga mai shi ba a matsayin na gwamnati, ba su damu da cewa saura gona ce da aka bari ta huta ba. Kotunan ƴan ƙasa da aka kafa, waɗanda daga 1924 Bature ne yake shugabantar su, kowace tana tsayawa ne a iyakar yankin mulkinta. Ta haka ne layin da aka ja don karɓar kuɗi ya zama layin shari'a.

Muddin ƙasa tana da faɗi, babu wanda ya kula. Amma mutane sun yawaita, saura ta ƙare, kwarin da ake raina shi da ya zama shi ne abincin rani. Jawabin da Shugaba Seyni Kountché ya yi a Disamban 1974, cewa gona ta mai nomanta ce, ya ƙara rikita maganar aro, domin wanda aka ba aro ya riƙe jawabin, wanda ya ba da aro ya riƙe shaidar dattawa. Da aka kafa ƙananan hukumomi aka yi zaɓensu a 2004, yawancinsu a kan tsohon tsarin kanto aka ɗora su, sai tsohon layin nan ya sake samun rai.

Ga abin da muke gani yanzu. Idan gardama ta tashi a kan gona, mai ƙara ya tafi wurin hakiminsa, wanda ake ƙara ya ce shi ba talakan wannan hakimi ba ne, ba zai amsa kira ba. Hakimi ɗaya ya yi sulhu, ɗayan ya ce wurin a ƙasarsa yake, sulhun bai hau kansa ba. Akwai gona guda a kwarinmu da take da takardun shaida biyu daga ɓangarori biyu, kowace da hatiminta. An kai magana gidan shari'a, an dawo da mu a kan mu kawo takardar sulhu, mu kuwa ba mu san ta wa za mu kai ba. Mun sayar da awaki don kuɗin mota, shuka ta wuce mu muna zirga-zirga. Burtalin da shanu suke bi zuwa mashaya ya tsuke, saboda kowane ɓangare yana cewa a gefen ɗayan ya kamata ya bi. Bara saura kaɗan samarinmu su ɗauki sanduna, da ba don limaman garuruwan biyu sun tsaya a tsakani ba, kuma muna jin kunyar faɗin haka, domin waɗanda za a buga ƴaƴan ƴan'uwanmu mata ne.

Mun sa an karanta mana Dokar Karkara ta ranar 2 ga Maris 1993, mun ji ta ce haƙƙin da ya samo asali daga al'ada da wanda ya samo asali daga takarda kariyarsu ɗaya, kuma ta sa sulhun sarakunan gargajiya a gaba kafin a je wurin alƙali. Wannan ne ya ba mu ƙarfin zuwa gare ka, domin hakiman biyu duk a ƙarƙashin inuwarka suke, kuma kiran da ɗayansu ba zai amsa wa ɗan'uwansa ba, zai amsa maka.

Muna roƙon Mai Martaba ya kira hakiman biyu da masu garin biyu su zauna a fada, sannan ya tura wakilinsa da alƙalin fada su zo su taka kwarin da ƙafa, tare da tsofaffin da suka rage, tun suna da rai da hankalinsu, domin a cikin waɗanda suka san ko wane gawo ne iyakar wane gida, kaɗan ne suka saura. Muna roƙon a gayyaci hukumar kula da filaye, wadda muke kira Kofo, ta rubuta abin da aka tabbatar gona bayan gona, a kuma dasa alama a bakin burtali. Idan zai yiwu, a nemo mana tsofaffin rahotannin rangadin kwamandan a ma'ajiyar takardun ƙasa da ke Yamai, a karanta su a gaban kowa, ko da abin da ke ciki ba zai yi mana daɗi ba. Mafi girman roƙonmu shi ne fada ta furta a fili cewa iyakar kanto ba ta raba mutum da gonar gadonsa, a kuma tsayar mana da wuri guda da za a riƙa kai ƙarar gonakin kwarin, ko daga wane gari mai ƙarar ya fito.

Mun yi alkawari a tsakaninmu cewa babu wanda zai sa hauya a gonakin da ake jayayya a kansu har sai wakilin Sarki ya iso. Muna dai tunatarwa da ladabi cewa sharar gona ta kusa, kuma ruwan shuka ba ya jiran kowa.

Allah ya taimaki Sarki, Allah ya zaunar da Damagaram lafiya.

Daga talakawanka, dattawa da limamai da manoma da makiyayan kwari, waɗanda suka sa hannu da waɗanda suka dangwala yatsa a takardar da ke haɗe da wannan.