Godiya Ga Sashen Ido Na Asibitin Koyarwa Na Jami'ar Legas (LUTH), Idi-Araba

Assalamu alaikum.

A madadin iyalanmu nake miƙa godiya ga likitoci da ma'aikatan jinya na wannan sashe bisa kulawar da suka yi wa mahaifinmu.

Baba ya daɗe da wani ɗigon baƙi a farin idonsa na hagu. Ba wanda ya damu, don da yawanmu baƙar fata muna da irin wannan launin ƙasa-ƙasa a ido. Sai ɗigon ya fara faɗi yana tasowa, jijiyoyin jini sun yi ja sun nufo shi. A kasuwar Mile 12 wasu suka ce hakiya ce, wani mai kemis ya ba shi maganin ɗigawa, abin sai gaba yake yi.

Likitar da ta duba shi ba ta yi gaggawa ba. Ta ɗora haɓarsa a kan na'ura mai siririn haske, ta duba idanun biyu, ta juya fatar ido ta leƙa cikinta, ta lalubi gaban kunnensa da wuyansa ko akwai kaluluwa, sannan aka ɗauki hoton tabon. Abin da ya fi ratsa ni shi ne bayaninta, a hankali, ina fassara wa Baba. Ta ce launin da aka saba gani a idon baƙar fata yakan fito a ido biyu, a shafe, ba ya cutarwa. Wanda ya tsaya a ido ɗaya, ya yi tudu, yana girma, shi ake zargi. Melanoma, wato wata irin kansa mai fitowa kamar baƙin tabo, ba ta da yawa a cikinmu amma tana faruwa, kuma akwai wata kansar saman ido da ta fi ta yawa a Afirka, mai nasaba da hasken rana, ita ma takan yi baƙi. Kallo kaɗai ba ya raba su, sai an cire an kai ɗakin gwaji.

Haka aka yi. Aka cire tabon gaba ɗaya har da ɗan gefensa mai lafiya, don kada a bar saura. Sakamako ya nuna melanoma ce, amma Alhamdu lillahi ba ta bazu ba. Ba su ɓoye mana cewa tana iya dawowa ba, shi ya sa Baba ba ya saɓa ranar asibiti.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya yi wa zuri'arku albarka.

Naku,
Ɗan majinyaci, daga Agege, Legas.