Na fara koyon jita bayan ritaya, kuma ba na jin kunya

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in faɗi abin da ke raina game da yadda muke kallon dattijon da ya ɗauki sabon abu zai koya bayan ya ajiye aiki.

Shekara 35 na yi ina malamin gona, ina zagaya ƙauyukan ƙasar Ringim a kan babur. Da na yi ritaya sai na dawo ƙauyenmu. Da damina gona na riƙe ni. Amma da an kai amfani rumbu, yini sai ya yi tsawo. Daga masallaci sai gindin darbejiya, hirar kuma ba ta wuce kuɗin fansho, tsadar taki da wanda ya rasu. Na ga abokan aikina da suka fi ni ƙarfi sun zauna a kan tabarmar nan, cikin 'yan shekaru tsufa ya danne su. Abin ya ba ni tsoro.

Wata rana jikana da ke karatu a Dutse ya zo hutu, ya kunna wani kiɗa a waya. Na ce masa, "Wannan mai gurmin ɗan ina ne?" Ya ce, "Kaka, ai jita ce." Ashe Ali Farka Ture ne, mutumin Niyafunke ta ƙasar Mali, manomi kamar ni, wanda ya rasu a 2006. Daga nan yaron ya kunna mini na baƙaƙen fatar Amurka, kiɗan da suke kira buluz. Ya samo asali ne a kudancin ƙasar wajen ƙarshen ƙarni na 19, musamman yankin Misisifi, a bakin jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka, masu aikin gonakin auduga. Mawaƙi zai faɗi layi, ya maimaita shi, sannan ya kawo na uku ya rufe, jita kuma tana yi masa amshi. Ni abin da na ji a ciki shi ne muryar mahaifiyata a kan dutsen niƙa, da waƙar gayya in rana ta take. A daren nan ban yi barci da wuri ba.

Bayan kaka na sayar da buhun gero, na shiga Sabon Gari a Kano na sayo jita ta hannu. Tsirkiyarta 6, garaya kuwa 2 gare ta, to ka ga aiki. Tafin hannuna ya saba da ƙotar fartanya, amma kan yatsu ɗanye ne. Makonnin farko tsirkiyar ƙarfen nan ta riƙa yanka ni har ɗaukar kofin shayi yana yi mini zafi, kafin wurin ya yi kanta. Darasin kuwa bidiyo ne. Ranar kasuwa nake sauke shi inda sabis ke da ƙarfi, in kai waya caji wurin mai sola, in dawo in yi mako guda ina maimaita abu ɗaya.

Ginin kiɗan ba shi da yawa: kamun yatsu iri 3 ne, ana zagaya su cikin gaɓa 12, kowace gaɓa bugu 4, kana ƙirgawa da ƙafa. Faɗa da baki ke nan. Tashi daga kamu na farko zuwa na biyu ba tare da ƙafata ta tsaya ba ya ci mini watanni. Abin da ya fi taɓa ni shi ne tura tsirkiya sama da yatsa har sautin ya lanƙwasa kamar mai shirin kuka. Ranar da ya fara fita daidai, uwargida ta leƙo zaure ta tsaya ba ta ce komai ba. Da hunturu kuma itacen kan bushe, saitin ya riƙa zamewa, sai na koma naɗe jitar cikin bargo.

To, ga inda maganar take. An fara cewa wai Alhaji ya koma maroƙi. Wani aminina da muke sahu ɗaya ya same ni ya ce, "Malam, da girmanka?" Wanda ya guji kiɗa saboda fatawar malaminsa, ina girmama shi, ba kuma zan ja da shi ba. Ni ma da an kira salla nake ajiye ta, kuma ban taɓa wasa kowa don ya ba ni ko sisi ba. Sai dai da na saurari masu maganar da kyau, yawancinsu ba addini suke nufi ba. Nufinsu kiɗa gadon wasu gidaje ne da muke rainawa, alhali mu ne muke cika gidajenmu da muryarsu a rediyo. Mun yi jimamin Ɗan Maraya Jos da ya rasu a 2015, amma wa zai yarda ɗansa ya ɗauki kuntigi?

A Amurka akwai wani manomi, Misisifi Jon Hat, da ya yi faifai a 1928 ya koma gona aka manta da shi. A 1963 matasa suka bi sawunsa har ƙauyensu, yana wajen shekara 70, suka fito da shi duniya ta ji shi. Mu ma muna da irinsa. A ƙauyen da ke gabas da mu akwai tsoho mai garaya da ya yi wa mafarauta kiɗa tun yana saurayi, yanzu ido ya yi rauni, kuma babu yaro ko ɗaya da ke koyo a wurinsa. Na kai masa jitata. Ya shafa ta tun daga wuya har ciki, ya ce in buga. Ban kai ƙarshen zagaye na biyu ba ya ɗauki garayarsa ya shigo, ya kuma gyara mini inda nake gaggawa. Yanzu duk Laraba bayan la'asar ina wurinsa.

Roƙona, ranka ya daɗe, ka turo wakilinka ya zauna da wannan tsoho da ire-irensa a karkarar Jigawa da Kano, a naɗi kiɗansu da tarihinsu tun suna da rai. In ya iso tashar Ringim, ni zan ɗauke shi a babur in kai shi.

Naka,
Tsohon malamin gona,
daga karkarar Ringim, Jihar Jigawa