Edita, a riƙa ba mu labarin aikin 'yan fim, ba na aurensu kaɗai ba

Assalamu alaikum Edita, ya aiki ya jama'a, da fatan kana lafiya. Na daɗe ina bin shafinku na nishaɗi, shi ya sa nake ganin ina da bakin yin ƙorafi. Kusan kowane mako labarin ɗaya ne, wance ta yi aure, wance aurenta ya mutu, wance ta sayi mota ta ɗora a Instagram. To ya aka yi ta iya aikin, wa ya koya mata, sau nawa aka ce mata je ki za mu neme ki? Wannan kam shiru kake ji.

Bari in kawo maka misali da wata 'yar fim ta ƙasar Sikotland, Karen Gillan. Sunan ba lallai mutane su gane ba amma duk yaron da ke zuwa shagon tura fim a waya nan Gombe ya san ta, ita ce mai jan gashin nan da ke dukan ƙarti a Jumanji na 2017 tare da The Rock da Kevin Hart, kuma ita ce dai Nebula, shuɗiyar nan mai ƙwal-kwabo ta fina-finan Marvel. Wallahi da yawa ba sa yarda mutum ɗaya ce sai ka nuna musu sunan a ƙarshen fim.

An haife ta a 1987 a Inverness, wani ƙaramin birni can arewacin Sikotland, nesa da Landan inda harkar take. Tana shekara 16 ta tafi Edinbara karatun wasan kwaikwayo, daga can ta wuce Landan ta shiga makarantar Italia Conti, sai 'yan ƙananan fitowa a talabijin da tallan kayan sawa don a samu na abinci. A 2008 ta fito a Doctor Who, shirin nan na BBC da aka fara tun 1963, sau ɗaya tak, a matsayin 'yar duba, fuska duk fenti ko gane ta ba ka yi. Amma ka ga ikon Allah, a 2010 shirin nan dai shi ya dawo ya ba ta Amy Pond, babbar jaruma kusa da jarumin shirin, Matt Smith, ta riƙe har 2012.

Da ta koma Amurka ma ba a kan gado ta samu ba. Saboda Nebula sai da ta aske gashinta tas, kuma kullum za a ɗauki fim sai ta zauna awanni ana manna mata roba da fenti a fuska kafin a kunna kyamara. (Ni dai ban ce 'yarmu ta je ta aske kai ba fa, kar malamai su taso ni, kowa da al'adarsa.) A 2014 ɗin da Guardians of the Galaxy, fim ɗin da ta fara fitowa a matsayin Nebula, ya fito ya yi kasuwa, a shekarar ne kuma tashar ABC ta soke shirinta mai suna Selfie tun bai je ko'ina ba. Irin wannan ne yarinyar da ke Pantami ko Bolari tana mafarkin Kannywood ya kamata ta karanta, ba hoton dinar wance ba.

Abin da ya fi burge ni da ita shi ne bayan ta yi suna sai ta juyo gida. A 2018 ta fitar da The Party's Just Beginning, ita ta rubuta, ita ta ba da umarni, ita ce jaruma, kuma labarin a Inverness yake, kan matasan yankinsu da ke kashe kansu, matsalar da mutanen wajen ba sa son a tona. Mu fa? Yaranmu na Gombe da Bauchi suna tafiya Kano, in Allah ya ɗaga su shi kenan sai dai mu gan su da sallah. Ga madatsar ruwa ta Dadin Kowa, ga duwatsun Tula, ga Yankari nan kusa, amma fim ɗinmu kullum cikin falo ɗaya da kujeru masu ruwan gwal. Labari kuma ai ba mu rasa ba, an sha fama da 'yan Kalare a garin nan, Bauchi ta sha da Sara-suka, ga ƙwaya ta cinye samari, duk uwar da ke zaune a Jekadafari za ta ba ka labarin da ya isa fim guda.

Don Allah Edita ko sau ɗaya a wata ne, ku ware shafi ku zauna da jaruma ɗaya ku tambaye ta nawa aka biya ta fim ɗinta na farko, wane darakta ya fara yarda da ita, ya take haddace magana, kuma yaushe za ta je garinsu ta yi fim. Ku haɗa har da masu ɗaukar hoto da masu tace fim, su ma ba wanda ke jin ta bakinsu.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai karatunku daga Tudun Wada, Gombe