Sanwici da panini: ruwa da wuta ne ke ɓata su, ba rashin inji ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini mu yi bayani kan sanwici da panini (wato sanwicin da ake gasawa a danne), abincin da ake iya haɗawa cikin minti 15 idan dare ya yi kuma babu ƙarfin ɗora tukunya. Mu masu sana'ar girki ne, kuma ƙorafin da muka fi ji shi ne na gida yakan fito ko dai a jiƙe sharkaf, ko bayansa ya ƙone cikinsa da sanyi. Mai tambaya yakan zaci sai ya sayi injin gasawa matsalar za ta kau. Injin yana da amfaninsa, amma ba shi ne maganin ba. Abu biyu ne ke ɓata wannan abinci, ruwan da ke cikin kayan haɗi da kuma yawan wuta.

Kafin mu kai can, sai an zaɓi burodi. Panini abincin Italiya ne, kuma an fi gasa shi da burodi mai jiki da ɓawo kamar ciabatta ko focaccia. Ciabatta ba ma tsohon burodi ba ne, a 1982 wani mai gidan burodi, Arnaldo Cavallari, ya ƙirƙiro shi a garin Adria. Abin da ake nema dai shi ne burodin da zai ɗauki danni bai lauye ba. Burodi mai laushi sosai idan aka ɗora masa nauyi yakan koma kamar takarda. In shi kaɗai ke akwai, a yanka shi da kauri, santimita 2, a ɗan gasa gefen da zai kalli ciki na minti ɗaya, sannan a rage nauyin da za a danna shi da shi. Burodin jiya ya fi na yau kyau a wannan aiki, domin ya rage danshi, ya fi saurin yin ƙamas.

To, ruwa. Kusan kashi 95 cikin ɗari na tumatir ruwa ne, kuma da zarar zafi ya taɓa shi sai ya sake shi cikin burodi. A yanka tumatir kaurin rabin santimita, a cire 'ya'yan da ruwan tsakiyar, a jera a kan tishu ko tsumma mai tsabta, a barbaɗa gishiri kaɗan, a bar shi minti 10, sannan a tsane shi. Gishirin ne ke jawo ruwan waje tun kafin ya shiga burodi. Kifin gwangwani kuma a buɗe shi, a danna murfin ciki a tsiyaye man ko ruwan har ya daina ɗiga. Tattasai da ɗanyar albasa ba sa nuna cikin minti shida a tsakanin burodi biyu, sai dai su yi gumi su jiƙa komai, don haka a fara soya su da cokali ɗaya na mai har su yi laushi ruwansu ya ƙone. Latas da kokwamba kuwa ba sa shiga wuta sam. Idan ana son su, a buɗe paninin bayan ya sauka a cusa su, ko a ajiye su a gefen faranti. Latas ɗin ma sai an wanke an bar shi ya bushe, domin ɗigon ruwa biyu a ganye ya isa ya ɓata yanka guda.

Yadda ake jera kayan shi ma aiki yake yi. A shafa wa cikin burodin wani abu mai maiƙo, bota ko mayonis, cokalin shayi ɗaya kowane yanka, har bakin gefe. Maiƙo ba ya barin ruwa ya ratsa. Sai a raba cuku biyu, rabi a ƙasa rabi a sama, nama da kayan lambu a tsakiya. Idan cukun ya narke shi ne zai liƙe komai, yadda in an yanka ba zai zube ba. Wanda ya tara cukun a gefe ɗaya zai ga burodin ɗaya gefen yana zamewa a hannu.

Awo na mutum ɗaya: yanka biyu na burodi, nama giram 80 zuwa 100, cuku giram 40 zuwa 50, tumatir yanka uku. Kada tudun kayan ya wuce santimita 2, kuma a bar santimita ɗaya a kewaye babu komai. Zarin cika shi ne ke sa tsakiya ta ƙi ɗumi.

Ba kowane cuku ke narkewa ba, kuma a nan mutane da yawa ke asarar kuɗinsu. Mozzarella da gouda da emmental da cheddar wanda bai tsufa ba duk suna narkewa su yi yauƙi. Feta da halloumi ba sa narkewa ko an kwana ana gasa su. Parmesan da tsohon cheddar suna da ɗanɗano mai ƙarfi amma sukan tsatso mai su bar gudaji, don haka a gauraya su da mozzarella, kashi ɗaya nasu kashi biyu nata. Mozzarellar da ake sayarwa cikin ruwa sai an yanka an tsane ta kamar tumatir. Kuma a goge cuku da magogi maimakon a yanka shi da kauri, gogaggen ya fi saurin narkewa nesa ba kusa ba.

Sai wuta, wadda ita ce uwa uba. Bayan burodi yana fara yin ja ne daga wajen digiri 140 a ma'aunin Salshiyas, cuku kuwa digiri 55 zuwa 65 kawai yake bukata ya narke. Matsalar ita ce burodi cike yake da iska, zafi a hankali yake ratsa shi. Idan wuta ta yi yawa, baya zai ƙone cikin minti ɗaya kafin zafin ya isa tsakiya. Saboda haka wutar ta kasance ƙasa da matsakaiciya. A ɗora kasko mai kaurin gindi ya yi minti biyu yana ɗumi, a jefa ɗan bota a gani. In ya yi kumfa a hankali, daidai ne. In nan take ya yi duhu yana hayaƙi, a sauke kaskon ya huce tukuna.

A shafa wa bayan burodin maiƙo, ba a zuba mai a kasko ba, domin burodi yakan shanye man wuri guda ya bar sauran a bushe. Bota ya fi ƙamshi amma ya fi saurin ƙonewa saboda ragowar madarar da ke cikinsa. Mayonis, wanda mai ne da ƙwai, yana shafuwa cikin sauƙi ko daga firji aka ɗauko shi, kuma yana sa burodi ya yi ja bai ɗaya. Mu dai shi muka fi so ga wanda bai saba ba.

Ga madadin inji: a sa sanwicin a kasko, a rufa masa takardar foyil, a ɗora wani kasko ko tukunya mai shafaffen gindi a kai, a sa mata abu mai nauyin kilo ɗaya, kamar gwangwani biyu ko uku waɗanda ba a buɗe ba. Minti 3 zuwa 4, a ɗaga a leƙa ƙasa, a juya, a mayar da nauyin. Gefe na biyu minti 2 zuwa 3 ya ishe shi, domin kaskon ya ƙara zafi. Kada a danna da ƙarfin hannu, cukun ne zai tsiyayo ya ƙone a kasko. Idan baya ya yi ja amma cuku bai gama narkewa ba, a cire nauyin, a kashe wuta, a rufe da murfi na minti ɗaya. Mai inji kuma ya bar shi ya yi zafi minti biyar kafin ya sa komai, ya sauke murfin a hankali ba tare da matsewa ba, minti 4 zuwa 5 babu juyawa.

Wani abu da ya kamata a ji da kyau, panini ɗumama nama yake yi, ba dafa shi ba. Ɗanyar kaza ko ɗanyen nama ba sa shiga tsakanin burodi. A dafa ko a soya tun farko, kaza sai tsakiyarta ta kai digiri 74. Ragowar kaza da ke firji tana amfani kwana uku zuwa huɗu, kuma wadda ta wuce awa biyu a waje bayan dafawa, ko awa ɗaya in ana tsananin zafi, ba a sa ta. A ɗumama naman a kasko minti biyu kafin a haɗa, domin nama mai sanyi shi ne ke hana cukun da ke jikinsa narkewa.

Haɗin kaza shi ne mafi sauƙi. A yayyaga dafaffiyar kaza giram 90, a cakuɗa da babban cokali ɗaya na mayonis, rabin cokalin shayi na mustad, matsi ɗaya na lemon tsami da ɗan masoro, sai soyayyen tattasai da cuku. Na kifi kuma, gwangwani ɗaya na tuna ya ishi mutum biyu: a tsiyaye, a sa mayonis babban cokali biyu, albasa yankakkiya ƙanana cokali ɗaya, da lemon tsami. Kada a ƙara gishiri sai an ɗanɗana, kifin da cukun duk da gishirinsu. Na ƙwai, a kaɗa biyu a soya shimfiɗe, a sauke shi yana da ɗan laushi, a ninke daidai faɗin burodin, zai ƙarasa nuna a cikin gashi.

Duk haɗin da ke da cuku da maiƙo yana son ɗan tsami, in ba haka ba a loma ta uku zai fara gundura. A yanka albasa ɗaya sirara, a zuba mata rabin kofi na ruwan khal, cokalin shayi ɗaya na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri, a bar ta minti 15. Takan yi mako guda a firji cikin kwalba mai murfi. A matse ta kafin a sa.

Idan bakuna da yawa ne a gida, kasko zai ɓata lokaci. A jera sanwici huɗu zuwa shida a farantin gashi, a ɗora wani farantin a kansu, a sa a oben mai zafin digiri 200 na wajen minti 10, a juya su a rabin lokacin.

Da ya sauka kada a ajiye shi kai tsaye a faranti, tururin da ke fita daga ƙasansa ba shi da mafita, zai koma ya jiƙa ɓawon da aka sha wahalar yi. A ɗora shi a kan raga ko a jingina shi a tsaye na minti ɗaya zuwa biyu, cukun ya ɗan kama jikinsa. Sannan a yanka da wuƙar burodi mai haƙora, ana ja ana turawa ba dannawa ba, a kai teburi da zafinsa.

Wassalam.

Daga wasu masu sana'ar girki