Alkimiyya: ba su samu zinariya ba, amma a duba abin da suka bari

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci kan alkimiyya, wadda da yawa daga masu rubutu ke yi wa kuɗin goro da tsubbu da damfara. Kalmar kimiyya da muke alfahari da ita yau daga al-kimiya ta Larabci ta fito, wato sana'ar masu neman mayar da dalma ko jan ƙarfe zinariya. Burinsu bai cika ba, amma aikin hannunsu na gaske ne, kuma ya kamata a raba biyun.

A fara da abin da ya ruɗe su, domin ba wawaye ba ne. A niƙa zaiba da farar wuta tare, garin zai koma baƙi ƙirin. A rufe shi a kwalba a ba shi wuta, sai ya tashi ya manne a wuyanta ja wur. A gasa wannan jan a fili, ga zaiba ta dawo tana ƙyalli. Wanda ya ga abu ya mutu ya tashi a gabansa haka, me zai hana shi yarda cewa ƙarfe na iya sauya hali? A kan wannan littattafan da ake jinginawa ga Jabir ɗan Hayyan suka gina ra'ayin cewa duk ƙarafa daga zaiba da farar wuta suke, tsarki da gwargwado ne kawai suka bambanta su. Ga kuma jan ƙarfe da ake dafawa da tutiya da gawayi ya fito rawaya kamar zinariya. Ibn Sina ya yanke hukunci a cikin Kitab al-Shifa cewa wannan rini ne kawai, asalin ƙarfen na nan. Ibn Khaldun ma ya bi sahunsa, kuma su ke da gaskiya.

Abin sha'awa, masu gwajin ƙarfe na wannan fagen su suka riƙe hanyar tona asirin jabu. Ana daka tokar ƙashi a matse ta ta zama ɗan kasko. A naɗe ƙarfen da ake shakka a cikin dalma mai ninkin nauyinsa sau da yawa, a ɗora a kaskon, a zuga wuta ta kai wajen digiri 1,000 iska na ratsawa. Dalmar za ta ƙone ta nutse cikin tokar, ta ja jan ƙarfe da sauran gauraye ta tafi da su. Ɗan ƙwallon da ya rage zinariya ce da azurfa kawai. Idan wuta ta yi sanyi dalmar ta daskare, ƙwallon ya fito da datti, awo ya yi ƙarya. Idan ta wuce kima kuma a yi asarar azurfa. Nauyi ma shaida ne: cikin dunƙule mai santimita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri zinariya na da giram 19.3, dalma 11.3, jan ƙarfe bai kai 9 ba.

'Yan damfara sun san haka, shi ya sa suke saka zinariya ko azurfa ta gaske a ɓoye. A rarake gawayi a zuba garin azurfa a toshe da kakin zuma, ko a yi haka da sandar motsawa. Kakin ya narke, mai kuɗi ya ga azurfa a gindin tukunya ya buɗe jaka. Mawaƙin Ingila Chaucer ya zayyana wannan dabara dalla-dalla a ƙarshen ƙarni na 14, mawaƙin Italiya Dante kuwa cikin wuta ya jefa masu jabun ƙarfe a waƙarsa. Fafaroma John na 22 ya haramta irin wannan cuta a 1317, Ingila ta kafa tata dokar a 1404.

Gadon da ya fi amfanar likitanci shi ne na'urar tatsar ruwa ta tururi. Sassa uku gare ta: tukunyar ƙasa mai siffar gora, hular da ake kifawa a kanta mai dogon hanci wadda Larabawa ke kira al-anbiƙ, da kwalbar tara ruwa. Ana liƙe mahaɗarsu da yumɓu da aka kwaɓa da gashi don kada ya tsage. Kurakuran sanannu ne. A cika tukunya fiye da rabi, ta tafaso ta hanci ta ɓata abin da aka tara. A ɗora ta kai tsaye bisa wuta, furen wardin da ake tatsa ya ƙone ruwan ya yi ƙauri. Maganin wannan shi ne a zaunar da ita cikin wata tukunyar ruwa, wadda zafinta ba ya wuce digiri 100, dabarar da ake jinginawa ga Maryam Bayahudiya ta tsohuwar Masar. A bar hular ta yi zafi ba a sa mata jiƙaƙƙen tsumma ba, tururi ya wuce bai koma ruwa ba. Abubakar al-Razi, wanda ya shugabanci asibiti a Rayy ta ƙasar Farisa da Bagadaza ya rasu wajen 925, ya jera irin waɗannan kayan aiki a Kitab al-Asrar, ya kasa sinadarai zuwa na ƙasa da na tsiro da na dabba.

Sai dai wannan fage ya ci rayuka. Zaiba na tafasa a digiri 357, amma tun kafin nan take fitar da tururi marar launi marar wari. Mai shaƙarsa yakan fara da kumburin dasashi da dalalar yawu, sai makyarkyatar hannu, sai saurin fushi da mantuwa, ƙoda ma ba ta tsira. A Sin, sarakunan daular Tang da dama sun mutu a ƙarni na 9 bayan sun sha maganin tsawon rai da aka haɗa da irin waɗannan ma'adanai. Paracelsus, wani likitan Turai wanda ya rasu a 1541, ya juya akalar sana'ar daga zinariya zuwa haɗa magani, ya ce komai guba ne, gwargwado ke rabawa. Duk da haka zaibar da aka riƙa bai wa masu tunjere a Turai ta zubar da haƙoran mutane da yawa.

Ta fuskar ruhi kuwa, malamai sun ari harshen maƙera. Imam al-Ghazali, da ya rasu a 1111, ya sa wa littafinsa na Farisanci suna Kimiya-yi Sa'adat, inda zuciya ce ƙarfen da ake narkarwa a tsarkake daga gauraye. Kalmar al-iksir, wato sinadarin da ake zaton yana mayar da ƙarfe zinariya, ita ma ta shiga bakin Sufaye da wannan ma'ana.

Neman zinariyar bai tashi a tutar babu ba. Hennig Brand na Hambog ya dafa fitsari mai yawa a 1669 yana fatan samun ta, sai ya gano sinadarin fosforas. Sauya ƙarfe na haƙiƙa kuwa sai da aka kai zamanin nukiliya: a 1980 Glenn Seaborg da abokan aikinsa a Amurka sun mayar da ƙwayoyin zarra na wani ƙarfe mai suna bismut zinariya, adadin da ido ba ya gani, a kan kuɗin da ya ninka darajarta nesa ba kusa ba.

Wassalam.

Naka,
Mai karatu