Awa ɗaya a sama, kwana nawa a ƙasa?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina so in tofa albarkacin bakina kan maganar da masu tallar tikiti ke yawan yi, wai daga Damagaram zuwa Agadas awa ɗaya ce kawai a jirgi. Lissafin daidai ne. Idan jirgi ya miƙe sambal, tsakanin filin jirginmu da filin Mano Dayak na Agadas bai wuce kilomita 370 ba, kuma jirgi mai farfela irin wanda ke sauka mana yana cin kusan kilomita 450 zuwa 500 a awa. A mota kuwa, ta Tanut da Adarbisnat, wajen kilomita 450 ne, kuma duk wanda ya san hanyar ya san wuni ake yi. Damagaram zuwa Difa ma haka, kusan kilomita 400 ta sama.

To amma awar nan ta wanda ya riga ya ɗaura bel ce. Mai tafiya lissafinsa daban. Ba kullum jirgi ke zuwa ba. In ranar da kake bukata babu wanda ya haɗa garuruwan biyu kai tsaye, sai a ce ka bi ta Yamai. A duba taswira: Damagaram zuwa Yamai kimanin kilomita 750, Yamai zuwa Agadas kusan haka. Tafiyar kilomita 370 ta koma kusan 1,500, ninki huɗu, ban da kuɗin masauki da na tasi a babban birni. Kamar mai zuwa gidan maƙwabcinsa ne ya zagaye ganuwar Birni.

Sannan ga hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu, in ƙura ta taso daga gabas, kana tsaye a ƙofar fili ba ka hangen ƙarshen titin saukar jirgi. Na ga mutane zaune da jakunkuna tun hantsi, wata dattijuwa rungume da ambulan ɗin takardun asibiti, kowa na ɗaga kai in ya ji ƙara, har la'asar kafin wani ya leƙo ya ce a koma gida. Ban ga laifin matuƙi ba, rai ya fi tafiya. Abin da ke ci mini rai shi ne rashin sanarwa, alhali kowa da waya a aljihu. Lokacin bazara kuma zafi kan sa iska ta yi sako-sako, ƙaramin jirgi ba ya iya tashi da cikakken nauyi da tsakar rana, sai a rage kaya ko mutane. Wannan ma ba a gaya wa mai sayen tikiti.

Mu ma da sauƙi, muna da hanyar mota. Mutanen Dirku da Bilma fa? Agadas zuwa Dirku kimanin kilomita 560 ne ta sama, ƙaramin jirgi ya gama da shi cikin awa biyu, amma a ƙasa sai an keta hamadar Tenere cikin ayari, kwana da kwanaki.

An gyara mana filin jirgi lokacin Zinder Sabuwa, bikin ranar Jamhuriya da aka yi a Damagaram a 2018, mun gode. Roƙona, Malam Edita, ku tura wakilinku wajen hukumomin sufurin sama da kamfanoni ya tambaye su abin da ya hana jirgi ɗaya ya riƙa haɗa Difa, Damagaram da Agadas a tsayayyun ranaku. Kuma ku riƙa buga mana jadawalin tashi da sauka kowane mako, tare da sanarwa in an soke.

Naku,
Mai karanta jaridarku,
Zango, Damagaram.